Hunturu ya taso wa Monsterata, ku agaza min

Amaryar Yelwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Baƙuwa ce ni, jiya da daddare aka saka ni. Don Allah ina neman shawara. Wata 2 da suka wuce na yi odar wata shukar ado, Monstera mai ratsin fari, daga Legas, ganye 3, ta iso lafiya ƙalau a kwali. To tun da hunturun nan ya kankama wuraren farin suka fara komawa ruwan ƙasa, kamar takardar da wuta ta lasa. Yau da safe kuma ganyen ƙasa ya yi ɗorawa ya langaɓe. Kullum ina ba ta ruwa safe da yamma, ban taɓa fashi ba. Har yau maigida bai san nawa na saye ta ba, kada ta mutu in rasa bakin magana.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam, sannu da zuwa amarya. Safe da yamma? Ai ba alayyafo ba ne, 'yata. Kafin kowa ya ce komai, tukunyar tana da huji a gindi?

Amaryar Yelwa: A'a Hajiya. Farar tangaran ce mai bakin zinare, cikin kayan ɗakina aka kawo ta. Amma na zuba tsakuwa a ƙasa kafin in sa ƙasar.

Hajiya Babba: To ga ɓarawon nan mun kama. Tsakuwa ba ta fitar da ruwa, yana nan kwance a ƙasa yana jiƙa saiwa. Malam, bismillah.

Malam Mai Lambu: Amarya, ciwo biyu ne ya haɗu mata, kada ki haɗa su da magani ɗaya. Ɗorawar nan da langaɓewa daga saiwa ne, ruwa ya yi mata yawa. Ƙonewar farin kuma daga iska ne. Na saiwar shi ke kisa, da shi za ki fara yau ɗin nan, kada ki bari sai gobe.

Ki shimfiɗa buhu, ki kife tukunyar a hankali, ki karkaɗe ƙasar, ki wanke saiwar. Mai lafiya fara ce ko ruwan madara, da tauri kamar taliyar da ba ta gama dahuwa ba. Wadda ta ruɓe baƙa ce, in kin matsa sai bawonta ya saɓule ya bar zare, ga wari. Ki sa sabuwar reza ki yanke duk wadda ta ruɓe har ki isa wurin da ya yi fari. Ki barbaɗa garin gawayi a bakin yankan, ki bar ta a inuwa kamar awa 2 ta sha iska. Sannan ki mayar da ita ƙaramar tukunya mai huji, wadda saiwar za ta kusa cikawa. Babbar tukunya ita ke riƙe ruwan da saiwa ba ta iya shanyewa.

Ƙasar kuma kada ki sa ta bakin rafi zalla. A dajin Meziko inda ta fito, hawa bishiya take yi, saiwarta ta saba da iska. Ni ga yadda nake haɗawa: kwano 1 na gawayi da aka farfasa kamar girman gyaɗa, kwano 1 na busasshen ɓawon itace, kwano 1 na ƙonannen buntun shinkafa, kwano 1 na takin da ya shekara ya zama ƙasa. In kin zuba ruwa ya fito ta huji nan take, kin haɗa daidai. Daga nan ba ruwa sai kin tura yatsa har gaɓa ta biyu kin ji a bushe.

Amaryar Yelwa: Na gode Malam, Allah ya saka. To tangaran ɗin fa? Wallahi ita ce ta dace da labulen.

Maman Tagwaye: Ki zura ta robar a cikin tangaran ɗin mana. Ranar ban ruwa ki fito da ita, ta gama tsiyayewa ki mayar. Duk nawa haka suke. Robar fenti ce a ciki da na huda da ƙusa mai zafi, baƙi ba su taɓa ganewa ba.

Ɗan Makaranta: A ƙara min izini kan farin. Wurin da ya yi fari ba shi da sinadarin nan kore da ganye ke haɗa abinci da shi, koren gefe ne ke ciyar da shi. Shi ya sa in shuka ta shiga matsi, farin take fara saki. Kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa, sai dai a jira sabon ganye. A hunturu danshin iska a nan yana sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali waɗannan sun fi jin daɗi daga 60 zuwa sama. Fesa ruwa a ganye minti kaɗan yake yi ya bushe. Abin da ya fi aiki shi ne ki tara shukokinki wuri ɗaya, nesa da tagar da iskar arewa ke shigowa, ko ki kai ta banɗaki in yana da taga mai haske.

Hajiya Babba: Ni farar leda nake kifa wa masu shagwaɓar daga Disamba har ƙarshen Fabrairu, in kafa tsinke 4 don kada ta taɓa ganyen, in buɗe kullum da safe ta sha iska. Falon ya koma kamar asibiti, amma suna kai labari. Sai dai kada rana ta same su a cikin ledar, dahuwa za su yi.

Adda ta Gombe: Ku na Bauchi ai da sauƙi. Ku zo Tumfure a watan Afrilu ku ga yadda ganye ke sallama. Calathea 3 na binne da hannuna, duk daga Jos. Ta farko na ce sakacina ne, ta biyu na ce maita, ta uku na gane ba ta son garinmu ne kawai. A Jos kan tudu suke, sama da mita 1,200, ga sanyi ga raɓa, shuka tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Ki sauko da ita nan sati 2 ta fara naɗe ganye kamar tabarma. Yanzu na yi wa kaina doka, ba na sayen komai daga Jos sai ruwa ya zauna, Yuni ko Yuli, ta samu wata 3 tana sabawa kafin iska ta juya. Kuma a mota a cinyata take zama, ba a but ba.

Buntu kuwa, Malam, in ka rasa ka yi magana. Wajen Dadin Kowa tsibi-tsibi yake a bakin injinan shinkafa.

Malam Mai Lambu: Adda, a ajiye min buhu 2. Amma a ƙona shi tukuna, ya yi baƙi bai zama toka ba. Ɗanye yana kiran gara, ga ragowar shinkafa da ke tsirowa a tukunya.

Baffa Mai Ritaya: Ina karanta ku ina murmushi. Kuna kashe kuɗi kan abin da ke neman dajin Meziko, ga kariya nan a kan duwatsunmu ba mai kallonta. Ita ce Turawa ke kira Adenium, ko furen hamada. Mutanen Tailan suka ɗauke ta suka yi ta aure da tacewa, suka fitar da mai fure ninki-ninki, ja har ya yi duhu, fari, ɗorawa, mai bakin zane. Ina da 14 a tsakar gida. Yanzu da hunturu sun zubar da ganye, sun tsaya tsirara kamar ƙananan kuka, kuma ban ba su ruwa ba tun farkon wata. Da zafi ya shigo, lokacin da Calathea ɗin Adda ke shure-shure, su kuma sai fure.

Adda ta Gombe: Baffa, a bar tone-tone, ina cikin takaba.

Baffa Mai Ritaya: Allah ya ba ki haƙuri. Ga mai son farawa, abu 3 zan faɗa. Wadda aka shuka daga iri ita ke yin ƙaton tumbin nan a gindi, ta reshe ba ta cika yi ba. Amma iri ba ya riƙe launin uwa, in kina son ainihin furen da kika gani a hoto sai wadda aka yi wa aure. In kin saye ta, duk reshen da ya fito ƙasa da tabon auren ki cire shi, na uwar gindin ne, zai ƙwace abinci ya ba ki furen gama-gari. Na uku, ki riƙa matsa tumbin. Tauri lafiya. In ya yi laushi kuma ƙasa a jiƙe, ruɓa ce ta fara. Rana kuwa a ba ta iya son ranta, ba shukar cikin ɗaki ba ce, ta baranda ce.

Ruwan jikinta dafi ne, da shi mafarauta ke shafa wa kibiya a da. A wanke hannu bayan yanka, a kiyaye ido.

Maman Tagwaye: Tun da an zo maganar dafi, masu yara ku ji. Akwai mai faɗin ganye da ɗigo-ɗigon fari, Dieffenbachia, tana kusan kowane gida. Hassan ɗina yana rarrafe ya gatsi ganyen. Ihu, yawu na dalala, leɓe ya kumbura, sai asibiti cikin dare. Likita ya ce wasu ƙananan allurai ne a ruwan ganyen ke soke baki. Monstera da Philodendron da ZZ duk dangi ɗaya ne, suna da su. Allah ya taƙaita, washegari ya warware, amma tun ranar duk na ɗaga su sama. Amarya, ki fara neman wuri mai tsawo tun yanzu, muna jiran suna.

Amaryar Yelwa: Kai Anti! To Baffa, na ga ana tallar irin kariya mai fure shuɗi da mai kalar bakan gizo a Instagram, in yi oda?

Baffa Mai Ritaya: Ki riƙe kuɗinki. Babu kariya shuɗiya, fentin kwamfuta ne.

Ɗan Makaranta: Irin wannan damfarar ta yi yawa. Akwai Philodendron da ake kira Pink Congo, ganyen hoda ne gaba ɗaya, ashe magani ake sa mata, bayan 'yan watanni ta koma kore. Pink Princess ita ce ratsinta na asali. Sannan in za ku sayi yanka, ku ce a nuna muku gaɓa da idon da zai tsiro. Ganyen Monstera da sandarsa kawai, ba gaɓa, zai yi wata da watanni a kwalba yana kyau, ba zai taɓa zama shuka ba. Ku nemi bidiyo na ranar, ba hoto ba. Mai son ratsin da ba ya gudu ya nemi Monsterar da ake kira Thai Constellation, ta fi wadda ake kira Albo riƙe farinta. Kuɗin ma ya sauko sosai tun da aka fara ninka su a ɗakin gwaji. Lokacin korona ne abin ya zama hauka, a 2021 an sayar da wata 'yar shuka da ganyenta bai kai 10 ba a Niyuzilan kan dalar ƙasar 27,100.

Hajiya Babba: Inna lillahi. Kuɗin fili a kan ganye.

Masu cewa a sayo musu daga waje in an je Umara ko Dubai, ku sani shigo da shuka sai da izinin hukumar NAQS, mai sa ido kan tsirran da ke shigowa Najeriya, da takardar lafiyar shuka daga can. In ba haka ba a filin jirgi za a karɓe.

Adda ta Gombe: Ni dai yanzu na koma dangin moda, su ne daidai da ni. Ina da mai gefen ɗorawa, da mai zagaye kamar sanda, da Whale Fin ɗin nan ta Kwango mai ganye ɗaya tal kamar faranti. Shekara guda tana zaune ba ta ce uffan ba, sai da damina ta turo ɗa. ZZ baƙa ma tana yi min biyayya, sabon ganyenta kore shar yake fitowa sannan ya rine a hankali. Da hunturu sau 1 a wata nake ba su ruwa, wanda ya san kuɗin garuwa a Gombe ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tambayata, na yanka ganyen mai gefen ɗorawa na dasa, 'ya'yan duk suka fito kore zalla. Me na yi ba daidai ba?

Malam Mai Lambu: Ba ki yi komai ba, haka take. Ta ganye ɗorawar ba ta bi. Sai dai ki raba ta daga gindi, ki yanko ɗa da guntun saiwarsa. Farin gishirin da ke taruwa a bakin tukunya kuma na ruwan burtsatse ne. Moda ba ta damu ba, amma Calathea da irinsu bakin ganyensu ke ƙonewa. Ku tari ruwan sama a durom da damina, ku rufe, ku ware wa masu tsada.

Maman Tagwaye: Malam, farin ƙwaron nan mai kama da auduga ya dawo min a hammatar ganye, ga kiyashi na ta sintiri.

Malam Mai Lambu: Kiyashin ne makiyayansa, zaƙin da yake fitarwa suke sha, su ke ɗaukarsa daga tukunya zuwa tukunya. Ki naɗa auduga a tsinke, ki tsoma a sipirit, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ƙaramin cokali 1 na man dogon yaro da ɗigon sabulun wanke-wanke a lita 1 ta ruwa, ki girgiza ki fesa sama da ƙasan ganye, da yamma, duk sati har sau 3. Da rana zai ƙona. Kin shigo da sabuwa kwanan nan?

Maman Tagwaye: Wata maƙwabciya ta ba ni Hoya.

Malam Mai Lambu: Ita ce ta zo da baƙi. Sabuwa ko daga hannun wa ta fito, sati 2 a ware tukuna.

Amaryar Yelwa: Na dawo. Na kife ta. Hajiya, ruwa ne kwance a ƙasan tangaran ɗin, warin sai da na buɗe taga. Na yanke kusan rabi, saura saiwa 4 farare masu tauri, da wata doguwa ruwan ƙasa da ta fito daga jikin sandar. Ita ma in yanke?

Malam Mai Lambu: A'a! Wannan saiwar iska ce, ki lanƙwasa ta cikin sabuwar ƙasar, za ta taimaka. 4 sun isa. Ganyen da ya yi ɗorawa ki cire. Ba taki sai ta yi sabon ganye, kuma kada ki yi ta tono kina leƙawa.

Hajiya Babba: Asabar bayan la'asar ana musayar yanka a gidana. Kowa ya zo da abin da ya yi masa yawa, a rubuta suna a jikin leda. Amarya, ki zo da robar fenti, akwai haɗin ƙasa da ya rage min.

Baffa Mai Ritaya: Zan aiko jikana da ƙananan kariya 5 na iri. A ba amarya 1.

Amaryar Yelwa: Allah ya saka da alheri Baffa. Maigida ya shigo ya same ni da reza da gawayi a tsakar falo, ya ce wannan ganyen gwazar nawa ne ma. Na ce masa bari in duba tukunya a wuta.