Wane kambas zan saya na gudu wanda bai wuce riyal 250 ba?

Abu Hanan:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah ina neman shawara. Na sa sunana a wani gudun kilomita 10 da za a yi nan Jidda don tara wa marayu kuɗi, saura wata biyu da rabi, kuma wallahi abin yana raina sosai don nima maraya na tashi. Na fara fita Kornish, wato titin bakin teku, bayan sallar asuba sau uku a sati, to matsalar kambas ɗin da nake zuwa shugul (aiki) da shi nake gudun, yanzu ƙwaurina ciwo yake kuma farcen babban yatsana ya fara baƙi. Na shiga mol na ga takalma har na sama da riyal dubu, ni kuma abin da zan iya warewa 250 ne bayan na tura wa gida. Me zan saya? Ko in je Harajin Sawarik, kasuwar gwanjo, in nemi na hannu?

Ɗan Kandara:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba da lada ɗan uwa. Na hannu dai kar ka fara, don takalmin gudu ba samansa ake dubawa ba, soson nan na tsakiya shine takalmin, kuma yana mutuwa ne bayan kamar kilomita 500 zuwa 800, to kaga wanda ka tsinta a haraji zai iya yin kyau fes a ido alhali mai shi ya riga ya cinye shi. Ka je Decathlon, shagon kayan wasanni, ka duba nasu, Kiprun, akwai masu sauƙi da za su kai ka kilomita 10 lafiya lau. In kuma sunan kamfani kake so ka tambayi Adidas Duramo ko Nike Revolution, ko ka ce su nuna maka samfurin bara, da sabo ya fito na bara yake faɗuwa. Masu tsadar nan da ka gani wasu farantin kabon ne a cikinsu, na masu neman karya tarihi ne, ba ka buƙatarsu.

Maman Walid:
Ƙanena maganar farcen nan ita ta tsaya min, takalmin ya maka kaɗan ne. Ƙafa tana kumbura in ana gudu balle a zafin Jidda da wannan ruɗubar (laimar iska), sai yatsa ya dinga dukan gaban takalmin. Ka je saye da yamma ko bayan isha lokacin ƙafa ta buɗe, ka sa safar da za ka yi gudu da ita, ka miƙe tsaye ka tabbata akwai fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka da bakin takalmin. Ni 39 nake sawa amma na gudu 40 na saya. Kuma ka gwada ƙafa biyun duka, ba lallai su zo ɗaya ba. Safar auduga ma ka barta, tana riƙe gumi sai ta yi maka bororo, ka rage riyal kaɗan cikin kuɗin ka sayi ta wasanni ko guda biyu.

Baba Sani Makka:
Yaro ka kiyayi taklid, wato jabu. Na taɓa sayen wani a wani shago da araha, tambari da kwali komai kamar asli, sati uku ƙasan ya ɓanɓare ni kuma na kwana biyu ina jinyar gwiwa. In ka ga farashin ya yi ƙasa fiye da hankali ka ajiye. In za ka iya haƙuri akwai takfid (rangwame) ɗin ƙarshen Nuwamba, amma kar ka saya ana saura kwana biyu gudu, takalmi yana so ƙafa ta saba da shi, ko sati uku. Ciwon ƙwaurin kuma ba takalmi kaɗai bane, inaga ka yi saurin ƙara nisa, ka dinga haɗa gudu da tafiya kana hutawa kwana ɗaya tsakani, in ya ƙi tafiya ka ga likita.

Abu Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya gaskiyarki, yanzu na danna gaban kambas ɗin yatsana a manne yake. Nuwamba ta yi min kusa da ranar, don haka ranar Alhamis in na tashi shugul zan je in gwada 43 da 44. Baba zan rage nisan wannan satin in sha Allah.