Daren Farko A Ɗakin Yara

Sabuwar Nas, Ƙofar Marusa:
Salamu alaikum. Lasisina ya fito, an tura ni ɗakin yara, daren Litinin zan fara. Ga shi damina ce, gadaje cike da masu zazzaɓin cizon sauro. Barci ya ƙaurace mini.

Shekara uku nai ina karatu,
Na ci jarrabawar hukuma.
Ga farin kaya na sa jikina,
Amma hannu yana ta kyarma.
Jijiyar yaro kamar silili,
In na kuskure ina na koma?

Ɗan Kusugu:
Ku ke cewa a birnin Dikko,
Kunya gare ku, ba dai tsoro ba.
Mu a Daura baƙo ya sare maciji,
Cikin dare, bai ko yi kyarma ba.
Ke 'yar allura ce ta kore ki,
Ashe kirarin bai bi jini ba.

'Yar Ƙofar Soro:
Kai ɗan Daura, rufe mana baki,
Sarki ya hana ku ruwa sai Juma'a.
Kuna zaune riƙe da guga,
Sai da Bayajida ya ceci jama'a.
Wanda maciji ya tsare wa rijiya,
Shi zai yi wa mai riƙon rai ba'a?

Na Gobarau:
Allah ya ƙara basira, Yaya! Ta Korau ta rama da riba.

Bawan Daurama:
Wace riba? Daura ce tushen Hausa, ko an ƙi ko an so. Baitin namu ya fi zama a kunne.

Malamin Arula:
Ni ba ruwana da gari. 'Yar Ƙofar Soro, ɗangonki na biyu ya zarce na farko da gaɓa biyu, kari ya karye. Kuma Juma'a da jama'a tushensu ɗaya a Larabci, amsa-amon ya yi arha.

'Yar Ƙofar Soro:
Malam, riƙe ma'auninka ka auna,
Ni dai na harba kuma ta samu.
Kawo baitinka guda mu gani,
In ba ka da shi ka bar mana namu.

Malamin Arula:
Wannan ya fi na farko daidaito. Kin ga ashe kina iyawa.

Sabuwar Nas:
Don Allah, ni fa gobe zan shiga.

Tsohuwar Sista, bayan la'asar ɗin Litinin:
Ɗiyata, yanzu na gani. Bar su da rikicin kari. Shekara 26 na yi a ɗakin yara, kuma wadda ba ta jin tsoro ita na fi sa wa ido.

Isa da wuri kafin a miƙa aiki,
Bi gado-gado, da kowa ki lura.
Suna, magani, adadi da lokaci,
Karanta sau biyu kafin allura.
Robar manya ɗigo ashirin mil guda,
Sittin ne in ƙaramar ta yara.
Jijiya in ta ƙi sau biyu, dakata,
Kira babba, kar ki sa yaro ƙara.
Kada ki fito gida da yunwa,
Ko da kofi guda ki sha na fura.

Ki duba ledar robar ƙarin ruwan, adadin ɗigon da ke cika mil guda, wato mililita, yana rubuce. Abin da kika yi kuma ki rubuta nan take.

Ɗan Kusugu:
Inna ta zo, na mai da wuƙa kube.

Sabuwar Nas, safiyar Talata:
Na sauka, Inna, ga labarin daren,
Kanular farko ta ƙi, na kira Sista.
Ta biyu 'yar wata tara mai zazzaɓi,
Jini ya leƙo, na ɗaure hannunta.
Uwar ta ce Allah ya ba ni nawa,
Har yanzu ina jin muryarta.

Kyarmar tana nan, amma da na fara ƙirga ɗigo da agogo sai ta lafa. Yau ma dare nake. Inna, yaron da ke fizge kanula, 'yar robar nan da ake sa wa a jijiya, cikin barci, yaya kike ɗaure masa ita?