Neman kalma: me za mu kira "rich mixture" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'ar Zango, na Kumasi da na Accra. Kalma nake nema, kuma bari in faɗi abin da ya sa.

Aikina wayarin ɗin mota ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ina da ƴar na'urar nan da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari ta karanto kukan da kwamfutar mota ke yi. Kwanakin baya wani Alhaji daga Aboabo ya kawo min Corolla ɗinsa ta tasi, in tana tsaye a sulo sitiyari karkarwa yake yi a hannunka, in aka taka totur kuma salansa ta feso baƙin hayaki, bayan bamba duk ya koma kamar gindin tukunya. Na soka na'ura ta ba ni P0172, Turancin da ke gaban lambar kuma cewa yake haɗin mai da iska ya yi "rich". Alhaji ya ce yaro me ta ce? Sai na juya masa kalmar yadda take, na ce Baba ta ce haɗin manka ya yi arziki. Ya ce Alhamdulillahi, to a kashe min wutar nan ta dashbod, ƴan makaranta na jirana. Na bi shi da bayani har bakin titi amma kalmar farko ta riga ta zauna masa. Bayan sati uku janyo motar aka yi da igiya, fulogi duk sun toshe da baƙin kunkunniya, baƙin mai kuma sai warin fetur. Abin ya tsaya min a rai, don kalma ce ta jawo masa wannan asara.

Ga abin da ake nufi. Injin fetur ba mai kaɗai yake ci ba, iska ce ma mafi yawan abincinsa, kowane kilo 1 na fetur yana son kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. In mai ya wuce wannan awo sai ya rasa iskar da zai ƙone da ita, ragowar ta fito baƙin hayaki. Wannan yanayin nake nema wa suna, da kishiyarsa, wato in iska ce ta yi yawa, mai lamba P0171.

Da na fara tambaya, wani direban trotro, wato motar haya, na layin Asawase shi ya fara amsawa, ya ce ai muna da ita, shan mai. Yayana, shan mai alama ce ba ciwon ba. Motar da birki ke kama mata tana shan mai, wadda iskar taya ta yi ƙasa ma tana sha, kuma duk ba hayaki.

Sai wani tsohon masta da ya girme ni nesa ba kusa ba, tun zamanin kabureta yake aiki, ya ce su obafulo suke cewa kuma kowa na ganewa, me ya sa za a sake wa tuwo suna. Masta Allah ya ƙara girma, a kabureta maganarka dutse ce, in allurar fulot ta maƙale mai na cika kofi ya tumbatsa har ka gan shi yana ɗiga da idonka. Amma motar injekta da iya kilinarta, wato matatar iska, ta toshe da ƙurar hunturu ba abin da ya tumbatsa, iska ce aka shaƙe. In ka ce wa yaro obafulo zai ruga ya kwance famfon mai alhali ciwon na cikin akwatin iska. Kuma obafulo ba ta da kishiya.

Wadda ta buɗe mana ido wata Hajiya ce mai sai da wace, wato shinkafa da wake, a Sabon Zango, mijinta na da mota. Ta ce ɗana wannan ai fitilar ƙwai ce kuke ta kewaye, in ka ɗaga lagwani ya wuce kima wutar sai ta yi ja ta fara hayaki, kafin ka ankara ƙwan ya yi baƙi, kananzir kuma ya ƙare da wuri, haske ma ya ragu. Wallahi ban taɓa jin bayanin da ya kai wannan ba. Ita ta kawo kalmar ƙwarewa, irin ta mai cin abinci in ya sarƙe, mota ta ƙware. Kalmar ta yi daɗi sosai, amma mun bar ta ga lokacin da mai ya jiƙa fulogi mota ta ƙi tashi sam, don wanda ya ƙware ba ya ci gaba da tafiya, ita kuwa motar Alhaji sati uku ta yi tana aiki a haka.

Daga nan wani malamin makaranta daga Nima ya ce tunda awo ake magana a koma sikeli: rinjayen mai, da rinjayen iska. Masta ya ce wannan Hausar rediyo ce, ba yaron da zai faɗe ta yana kwance a ƙarƙashin mota. Na yarda da rabin maganar, shi ya sa na gwada ta a baki kwana biyu a wurin aiki, kuma abin da na ji shi ne ba wanda ke cewa rinjayen mai, amma mai ya rinjayi iska yana fita sumul, har yarana sun gajarta sun koma cewa mai ya rinjaya. Ni dai a kanta na tsaya. Ba ta yi kama da yabo ba, tana da kishiya, kuma da ka faɗe ta mai mota zai tambaye ka da kansa, man ne ya ƙaru ko iskar ce ta ragu? Wannan tambayar kuwa ita ce farkon gyara.

In iska ce, a duba iya kilina tukuna, ita ce mafi araha. In mai ne, injekta na iya ɗiga ko ragiletar mai ta lalace, a motocin da ragiletarsu ke da ɗan tiyon iska zare shi ka sansana, in akwai fetur a ciki robarta ta fashe. Sai na ukun, wanda ya fi damuna, a yi wa kwamfuta ƙarya. Sensar zafin ruwa in ta mutu tana iya ce wa kwamfuta injin na da sanyi, ita kuma ta yi ta ƙara mai kamar asubar fari. Haka cire tamostat, mai daidaita zafin inji, da ake yi a nan wai ƙasarmu zafi gare ta, don Allah a daina, injin an yi shi ya yi aiki wajen digiri 90 ne, in bai kai zafinsa ba mai zai yi ta rinjaya, ya wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya kashe katalis ɗin da ke tace hayaki a salansa wanda kuɗinsa ba wasa ba. Sensar iska da ta hayaki ma su kan yi irin wannan ƙarya.

A lura da launi kuma, kada sabuwar kalma ta hau kowane hayaki. Baƙi ne namu. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwan lagireto ne ya shiga inji. Fulogi ma haka, baƙi busasshe rinjayen mai, baƙi mai maiƙo wani zance ne daban, lafiyayye kuwa ruwan ƙasa yake yi.

Karkarwar da injin ke yi in silinda ɗaya ba ta kamawa, wadda muke cewa misin, ba a ja ta da nisa ba, direban trotro ya ce ɗingishi kowa ya ce ta zauna.

Motar Alhaji injekta ta uku ce ke ɗiga, iya kilina ta cushe, tamostat kuma wani ya cire tuntuni. Na canza su da fulogi da baƙin mai, na ɗauko tsohuwar fulogin na ɗora masa a tafin hannu na ce Baba mai ne ya rinjayi iska a motarka. Ya juya ta, ya goge baƙin a yatsa ya duba, ya ce to a rage masa ƙarfi mana, nawa ne?