Mutuwar Otho bayan yaƙin Bediriyakum: tausayin jama'a ko karayar zuciya?

Baban Amira: Jama'a, ni a ganina Otho ya yi abin da ba kowane sarkin Rum zai iya ba. A watan Afrilu na shekara ta 69 miladiyya dakarun Biteliyus, abokin hamayyarsa a neman sarautar Rum, suka karya rundunar Otho a Bediriyakum, kusa da Kiremona a arewacin Italiya. Kuma fa ƙarfinsa bai ƙare ba, rundunonin yankin kogin Danub suna tafe, sojojinsa na roƙon a sake gwabzawa. Ya ƙi, ya zaɓi kashe kansa, ya ce gara mutum ɗaya ya mutu domin jama'a da jama'a su mutu dominsa.

Maman Khalil: Malam, ban yarda ba. Shi ne fa ya sa aka kashe tsoho Galba, sarkin da ya gada, a tsakiyar dandalin birnin Rum a watan Janairu, har aka sare masa kai. Ina tausayin ya tafi a ranar? Wata uku ya yi kan mulki, da ya ga wuta ya tsere ta hanyar kashe kansa.

Auta: Hajiya, ni garajensa ne ya fi damuna. Kwamandansa Sutoniyus Folinus, wanda ya murƙushe tawayen sarauniya Budika a Birtaniya, ya ce a jira ƙarin sojoji. Otho ya bi maganar wansa Titiyanus, aka afka. Otho kuwa ya koma garin Birikselum da wani sashe na dakarun, ya bar mutanensa ba jagora.

Baban Amira: Wannan gaskiya ne ƙanena, ya yi kuskure. Amma ku dubi darensa na ƙarshe. Ya ƙone wasiƙun da za su jawo wa magoya bayansa bala'i, ya raba wa bayinsa kuɗi, ya sha ruwan sanyi, ya gwada kaifin wuƙaƙe biyu, ya cusa ɗaya ƙarƙashin matashi, ya yi barci har asuba. Matsoraci ba ya barci a irin wannan dare. Wasu sojojinsa ma a gaban gawarsa suka kashe kansu.

Maman Khalil: To jinin ya tsaya? A watan Oktoba aka sake kafsawa a wuri guda, mutanen Besfasiyan, kwamandan da ya tashi ƙwace mulki daga hannun Biteliyus, suka kwana huɗu suna wasashe Kiremona, suka cinna mata wuta. Cikinsu har da waɗancan rundunonin Danub ɗin. A Disamba aka ja Biteliyus a titi aka kashe shi.

Baban Amira: Hajiya, sai a watan Yuli aka ɗaga Besfasiyan sarki a Masar. Ta yaya Otho zai san da wannan tun a Afrilu?