Smack da spank: mari ne, ko mu nemo musu suna?

1/ Jama'a, a taya ni. Ina fassara labari kan dokar Wales ta watan Maris 2022, wadda ta hana iyaye yi wa 'ya'yansu abin da Turawan Birtaniya ke kira smack. Sikotland ta riga ta tun Nuwamban 2020, Suwidin kuwa tun 1979. Har na rubuta "an hana marin yara", sai na goge.

2/ Mari a wurinmu na fuska ne, kuma rabin zafinsa wulaƙanci ne. Abin da Will Smith ya yi wa Chris Rock a bikin Oscar na 2022, shi ne slap, kuma ba wanda ya yi gardama da aka ce ya wanka masa mari. Kalmomin rakiya ma sun yi mana yawa: sharara, gaura, zabga, kwaɗa, falla.

3/ Smack fa? Uwa na kwashe tuwo, yaro ya miƙa hannu zai tsoma a miya, ta make hannun ba tare da ta waiwayo ba. To wannan. Kowa ya ce ta mare shi, ya yi mata sharri. Spank kuma ta fi yawa a bakin Amurkawa, dukan mazaunai ce da tafin hannu, tana cikin ƙamusun Ingilishi tun 1727. Masana asalin kalmomi sun fi karkata ga cewa kwaikwayon ƙarar dukan ne ya haife ta, ita da slap, kamar mu ce tas ko fau.

4/ Mu da gurbi muke raba duka: ranƙwashi na ka, dundu na baya, talle na ƙeya. Mazaunai kuwa bulala muka bar wa, shi ya sa da ka ce an zane yaro ko an tsula masa, mai karatu dorina zai gani.

5/ Na ga amsoshinku, Allah ya saka. Wani malam ya ce "marin ɗuwawu". Malam, ma'ana ta fito, amma wa zai karanta wannan a rediyo bai yi dariya ba? Wata baiwar Allah ta kawo ɗala, kamar a ce ta ɗala masa duka a cinya. Hajiya, kin kusa ƙwarai, sai dai ba ta zama a kanun labari.

6/ Na tsaya a kan "dukan tafi" a matsayin smack. In spank ce, a ƙara "a mazaunai". A cikin zance kuwa make da ɗala sun isa.

7/ Kanun labarin dai "an hana dukan yara" na sa. Da na koma ga dokar, ashe duk wani horo da ya taɓa jikin yaro ta haramta, har ranƙwashi.