Takardar gonar gado mai hatimin Jihar Sakkwato

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana gonar fadama a ƙasar Argungu. Takardarta tun 1988 ce, da hatimin Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991.

Mun je sakatariyar ƙaramar hukumarmu a sabunta ta, aka ce sai da sa hannun hakimi. Hakimi ya ce dagacin da ya shaida ya rasu, mu kawo dattawa biyu. Ɗaya ya rage, shi ma tsufa ya ci ƙarfinsa. Ga damina ta ƙarato, maƙwabci har ya fara cin iyaka.

Kotun shari'a za mu nufa, ko fadar sarki?