Wi-Fi na haɗuwa a Ubuntu, amma bayan 'yan mintuna sai intanet ya ɗauke

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka. Yayana ne ya saya min kwamfuta ta hannu, da Windows ta zo, na goge na sa Ubuntu 22.04 saboda malaminmu ya ce da Linux za mu yi aikin ƙarshen zango, kuma ranar Litinin ake miƙawa. Wayata tana samun intanet lafiya lau a kan MiFi ɗina. Kwamfutar kuwa sai ta haɗu, ta ɗan yi aiki, sai tsit, alhali alamar Wi-Fi tana nan a sama. Na kashe na kunna har na gaji.

Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka faɗi wane katin Wi-Fi ne a ciki ba, kuma wannan ne ciwon gidan nan, kowa sai ya ce "ba ya aiki" ya tafi. Buɗe terminal ka turo abin da wannan ya fitar:
lspci -knn | grep -iA3 net
Sannan daidai lokacin da ya ɗauke, rubuta ip route, lambar da ke bayan "default via" ita ce ta MiFi. Yi mata ping, sai ping 8.8.8.8, sai ping google.com. Idan na farko ya ƙi, tsakanin kati da MiFi abin yake. Idan na ƙarshe kaɗai ya ƙi, DNS ne, wato tsarin da ke mayar da suna irin google.com zuwa lamba.

Maman Nana:
Ni dai DNS nake zargi. Gwada nmcli connection modify "sunan Wi-Fi ɗinka" ipv4.dns 8.8.8.8 ipv4.ignore-auto-dns yes, ka cire haɗin ka sake haɗawa.

Ɗan Samaru:
RTL8821CE ya nuna, direba rtw_8821ce. Ping na farko ma "Destination Host Unreachable" yake cewa. Amma Anti, bari in fara da naki, ya fi sauƙi.

Injiniya:
Kada ka ɓata lokacinka. Kwamfutar da ba ta isa ga MiFi ba, ina ruwanta da DNS? Tsimin batir ne ke sa katin barci. Buɗe /etc/NetworkManager/conf.d/default-wifi-powersave-on.conf da sudo nano, mayar da wifi.powersave daga 3 zuwa 2. Sai ka ƙirƙiri /etc/modprobe.d/rtw88.conf ka rubuta options rtw88_pci disable_aspm=1 a ciki. Kashe kwamfutar gaba ɗaya kafin ka kunna, don katin ya fara daga tushe.

Bakano:
Malam, ga hanya gajera. Jona wayarka da kebul na USB ka ɗauki intanet daga gare ta, sai sudo apt install rtl8821ce-dkms.

Injiniya:
Ba gajera ba ce. Idan Secure Boot (tsaron da ake kunnawa a BIOS) a kunne yake, kernel, wato zuciyar Linux, ba zai loda direban da ba a yi rajistar sa hannunsa ba, ka tashi babu Wi-Fi ɗungurum. mokutil --sb-state zai nuna maka.

Ɗan Samaru:
"Enabled" ya ce, kuma BIOS ɗin akwai fasawod, yayana ya yi tafiya, ba zan iya kashe Secure Boot ɗin ba. Tsimin batir ɗin nan fa ba na son kashewa, unguwarmu wuta sai dare. Babu wata hanyar?

Injiniya:
Ka yi abin da na ce tukuna. Turo min journalctl -u NetworkManager -n 50.

Ɗan Samaru:
Ya sake ɗaukewa, daga waya nake rubutu yanzu.